Hutun mako guda a jirgin kanal a Ingila: wace hanya ta dace da iyali mai yara da dattawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Coventry. Iyayena za su zo mana ziyara daga Kano a watan Agusta, ina so mu yi hayar jirgin kanal na mako guda: ni da maiɗakina, yara 3 ('yar shekara 12, ɗan shekara 9, da auta mai shekara 4), sai Baba da Hajiya. Na ga wata hanyar zagaye da ake kira Four Counties Ring, ta burge ni a taswira. Babu wanda ya taɓa tuƙa jirgi a cikinmu, ba mu kuma iya iyo ba. Za mu iya? Akwai haɗari? Ya batun salla da abinci?

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya kawo su Baba da Hajiya lafiya. Na daɗe ina aikin sa kai a bakin lok (ɗakin ruwa mai ƙofofi da ke ɗaga jirgi ko sauke shi a kanal, watau hanyar ruwa da aka haƙa) a tsakiyar Ingila, ina taya matafiya buɗe ƙofa da rufewa, kuma yawancin masu wucewa ta gabanmu lokacin hutun makaranta iyalai ne irin naku, waɗanda ba su taɓa riƙe sandar tuƙi ba sai ranar. Za ku iya. Ba a neman lasisin tuƙi daga mai haya. Kamfanin zai sa ma'aikacinsa ya nuna muku inji da murhun gas da banɗaki, ya kuma raka ku ɗan nesa har hannunka ya fara faɗawa. Amma zagayen nan da ya burge ka, ka ajiye shi sai wata shekara. Nisan da ke kan taswira yaudara yake yi. Abin da ake auna tafiyar kanal da shi shi ne yawan lok da yawan hannayen da za su yi aikinsu.

Ku 7 ne, to mu ƙirga ma'aikata. Mutum ɗaya dole ya tsaya a kan tuƙi, ba ya saki. Mutum ɗaya ya sauka ya yi aikin lok. Kai da maiɗakinka kun ƙare ke nan. 'Yar shekara 12 za ta tura ƙofa ta riƙe igiya, ɗan shekara 9 zai taimaka in ana sa masa ido. Auta kuwa shi kaɗai aikin babban mutum guda ne daga safe har dare, ina jin Hajiya ce za ta ɗauke muku shi. Baba baƙo ne, hutawa ya zo yi.

Ga lissafin da masu jirgi ke yi. Doka ta ce kada a wuce mil 4 a awa, amma a zahiri mil 3 ake yi, wani lokaci ma ƙasa da haka, domin duk inda ka tarar da jirage a ɗaure dole ka rage gudu har ƙasa. Lok ɗaya kan ci minti 15 zuwa 20, kusan daidai da lokacin mil guda. Saboda haka sai ka haɗa yawan mil da yawan lok, ka raba da 3, abin da ya fito shi ne awannin tafiyarka. Four Counties Ring mil 110 ne da lok 94. Jimla 204, a raba da 3, awa 68. Hayar mako kuma ba kwana 7 cikakku ba ce: da la'asar ake ba ka jirgi, da sassafe kake mayarwa, cikakkun kwanakinka 6 ne. Ka ga an wuce awa 11 a kullum, ba a sa layin jiran lok a ciki ba, ba a sa ruwan sama ba. Akwai kuma ramin Harecastle a hanyar, fiye da kilomita biyu da rabi a ƙarƙashin tudu cikin duhu da ɗigar ruwa, sai lok fiye da 20 a jere cikin 'yan mil kaɗan a gangaren Cheshire. Samari shida masu ƙarfi kan gama shi a mako. Iyali mai yaro ɗan shekara 4 da dattawa biyu in sun kama shi, kwana uku na ƙarshe tsere da agogo za su yi, kuma a irin wannan gaggawar ne ake yin kuskure a lok. Aibin hanyar zagaye ke nan: da ka wuce rabi babu komawa. Hanyar da za ka je ka dawo kuwa, duk inda ranar tsakiya ta same ka sai ka juya.

Bari in tsaya a kan lok ɗin kansa, domin a nan daɗin tafiyar yake, a nan kuma haɗarinta yake. Ruwan kanal kwance yake, ƙasa kuma tana da tudu da kwari. Sai aka yanka kanal ɗin hawa-hawa, tsakanin kowane hawa da wanda ke samansa aka gina lok: ɗaki ne dogo na bulo ko dutse, marar rufi, da ƙofar katako a kowane ƙarshe. A ƙananan kanal tsawon ɗakin wajen mita 22 ne, faɗinsa mita 2 da ɗan ɗori, shi ya sa jiragen duk sirara ne, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ban ruwa a Kadawa, ana murɗa ƙofa a tura ruwa daga babban kanal zuwa ƙarami, ya riga ya gane rabin aikin. Babu famfo, babu lantarki, nauyin ruwa ne kawai ke ɗaga jirgi yana sauke shi.

In za ku hau, jirgi zai shiga ta ƙofar ƙasa a rufe ta a bayansa. Mai aikin lok ya tabbata tagogin ruwa na ƙofar ƙasa a rufe suke, sannan ya taka zuwa sama. Za a ba ku wani ƙarfe mai lanƙwasa wanda ake zura wa a bakin sanda mai haƙora a murɗa, taga ta ɗaga a ƙarƙashin ruwa, ruwan sama ya kwararo cikin ɗakin. Rabi ake fara ɗagawa, domin ƙarfin ruwan kan tura jirgi baya sannan ya fizgo shi gaba ya gwara da ƙofa. In jirgi ya natsu sai a ƙarasa. Ƙofar sama ba za ta buɗu ba sai ruwan ciki da na waje sun yi daidai. Ko bambancin yatsa biyu ne ya rage, ƙarti uku ba za su motsa ta ba, saboda haka kada kowa ya ɓata bayansa, a jira. Da sun daidaita, 'yarka za ta jingina bayanta da gungumen ƙofar ta tura da ƙafa, ka ga ƙofa mai nauyin fiye da tan guda tana tafiya a hankali. Yara na son wannan aikin ƙwarai, kuma shi ne abin da za su fi ba da labarinsa a makaranta. In jirgi ya fita, a rufe ƙofa, a sauke tagogi ta hanyar murɗawa baya, ba a sake su su faɗi ba.

Saukowa ita ce wurin da nake so ka buɗe kunne. A ƙarƙashin ƙofar sama akwai dokin ƙofa na dutse ko kankare da ya turo cikin ɗakin. In lok ya cika ba a ganinsa, sai ruwa ya fara raguwa yake bayyana. Idan bayan jirgi na samansa, bayan zai zauna a kai, gaba ya ci gaba da sauka, ruwa ya kwararo ta ƙofar gaba, cikin minti ɗaya ko biyu jirgi ya nutse. An shafa farin fenti a bakin bango daidai inda dokin ƙofar ya ƙare. Aikin mai tuƙi tun daga buɗe taga har buɗe ƙofa shi ne ya tabbata bayan jirgi na gaban wannan layin. Jirgin da zai kwanar da mutum 7 zai kai ƙafa 65 zuwa 70, ɗakin kuma ƙafa 72 ne ko ɗan fiye, ka ga ratar kaɗan ce. Gaban jirgi ma kan maƙale a jikin ƙofa. A watan Agustan 1998, a wani lok kusa da Gargrave a kanal ɗin Leeds zuwa Liverpool, gaban wani jirgi ya maƙale yayin sauka, jirgin ya nutse, mutum 4 suka rasu. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Dubban jirage na wuce lok lafiya a kullum, kuma maganin abin guda ne: wanda ya buɗe taga ya tsaya a bakinta, idonsa a kan jirgi da mai tuƙi, waya a aljihu. Da zarar jirgi ya karkata ko mai tuƙi ya yi ihu, a sauke duk tagogi nan take, sannan a yi tunani. Kada a buɗe taga sai mai tuƙi ya ɗaga hannu ya ce a buɗe, ko da wani mai taimako ne daga wani jirgin. Kuma kada a ɗaure igiya a turke yayin sauka. A zagaya ta kawai a riƙe bakinta a hannu, in ba haka ba jirgi zai rataye.

Akwai abin da kamfani ba zai yi tunanin faɗa muku ba, ni kuwa dole in faɗa: sutura. Babbar riga, dogon mayafi da zurmemen hijabi ba sa zama lafiya da haƙoran ƙarfen lok, waɗanda ke cike da baƙin man giris. Duk mai aikin lok ya sa kaya masu kama jiki daidai gwargwado, Maman yara ta nemi gajeren hijabi ta cusa bakinsa cikin riga. Silifas a bar su a cikin jirgi, a sa takalmi sau-ciki mai roba, domin katakon tsallaka ƙofa santsi yake yi in an yi ruwa. Ƙarfen murɗawa kuma ba a barinsa a jikin sanda ko na daƙiƙa ɗaya. In maƙalin haƙoran ya zame, ƙarfen kan juya da ƙarfin da zai karya hannu ko haƙori.

Batun rashin iya iyo: kamfani na ba da rigar kariya daga nutsewa, ku karɓa wa kowa, yara su sa duk lokacin da suke waje, mai aikin lok ma ya sa. Yawancin kanal zurfinsa bai wuce ƙirjin babban mutum ba, wanda ya faɗa ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye. Abin tsoro shi ne farfela, don haka da an ji faɗuwar mutum, mai tuƙi ya cire giya kafin komai, kada ya kuskura ya ja da baya ya nufe shi. A cikin lok zurfi ne sosai. A rufe tagogi, a jefa masa zoben ceto, a nuna masa tsanin da ke jikin bango, kada kowa ya yi tsalle ya bi shi. In ruwan ya shiga baki ko ya taɓa ciwo, a wanke da kyau, in zazzaɓi ya biyo baya a gaya wa likita cewa an faɗa kanal, saboda wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. A lok, auta ya kasance ɗayan biyu: ko a zaune a jirgi kusa da babba, ko a ƙasa hannunsa cikin na Hajiya, nesa da baki.

Tuƙi ba zai ba ka wahala ba. Ka tura sanda hagu, kan jirgi ya nufi dama. Daga tsakiya yake juyawa, watau in kai ya yi dama, baya zai yi hagu, ka bar masa wuri. Ba shi da birki, giyar baya ce birkinsa, kuma in yana ja da baya ba ya jin tuƙi sosai. In kun yi kiciɓis da wani jirgi kowa ya riƙe damarsa, saɓanin titin mota a nan Ingila. Nauyinsa ya kai tan 15 zuwa 20, saboda haka ka gargaɗi kowa tun ranar farko: in zai gogi bango a bar shi ya goga, ƙarfe ne, kada a tare da hannu ko ƙafa. In ka ji inji na gurnani jirgi ba ya ja, leda ko igiya ce ta naɗe farfela. Akwai ɗan murfi a samanta da za a nuna maka, ka kashe inji ka zare makulli ka sa a aljihu kafin ka zura hannu, ka kuma ɗaure murfin tam bayan ka gama.

Hanyar da zan zaɓar muku ita ce kudancin kanal ɗin Oxford, daga Napton zuwa Banbury ku dawo. Akwai kamfanonin haya a wajajen Napton da Braunston, ba nisa daga Coventry a mota. Zuwa mil 20 ne da 'yan kai, lok 21 kafin ku shiga tsakiyar Banbury. Zuwa da dawowa wajen awa 29 ke nan, kusan awa 5 a yini. Lok ɗinsa ƙanana ne, ƙofofinsu ba su kai na manyan kanal nauyi ba, kuma sun zo a rarrabe yadda ake samun hutu.

Da kun tashi za ku ga ƙauyen Napton a kan tudunsa, da tsohon injin niƙa mai aiki da iska a can sama. Daga gindin tudun lok 9 ne za su hau da ku har Marston Doles, kuma a nan ne za ku koyi aikin. Sau da yawa akwai 'yan sa kai masu shuɗiyar riga a wurin, ku ce musu ranarku ta farko ce, ba kunya a ciki. A gefen hawan akwai gonar da ke kiwon garken ɓauna, ka nuna wa Baba. Daga Marston Doles sai mil 11 babu lok ko ɗaya, kuma a ganina wannan ne yanki mafi kyau a hanyar. James Brindley, injiniyan da ya tsara ta, ya fi son ya bi gefen tudu da ya yanka shi ko ya cike kwari, domin lok da ganuwa kuɗi ne. Sai kanal ɗin ya yi ta lanƙwasa yana zagaye tudun Wormleighton, ka ga abu a gabanka, an jima ka gan shi a hagu, an jima a baya. Ba gari, ba titi, sai gonaki, tumaki da zalɓe tsaye a baki. Nan ne za a shimfiɗa wa Baba kujera a gaban jirgi, inda ƙarar inji ba ta kaiwa sosai, a ba shi shayinsa. Ka dai yi hattara a kwanoni da ƙarƙashin gadoji, domin ba ka ganin mai zuwa sai ya iso. Rage gudu ka danna ham.

Bayan Fenny Compton za ku bi wani matsattsen wuri mai tsawo wanda da rami ne a ƙarƙashin ƙasa, daga baya aka yaye rufinsa. Sai lok 5 na Claydon, inda sauka ke farawa, a nan maganar dokin ƙofa za ta fara aiki. Wasu 'yan lok kaɗan sai Cropredy, ƙauye mai gidajen jan dutse da tsohon coci, inda aka gwabza yaƙi a kan gadar kogin Cherwell a 1644 lokacin yaƙin basasar Ingila. Wuri ne mai daɗin kwana, sai dai ana yin babban bikin kaɗe-kaɗe a can a watan Agusta, jirage kan cika bakin kanal tun kafin ranar. Ka duba kwanan bikin, in ya faɗo cikin makonku ku kwana kafin ƙauyen ko bayansa.

Duk gadar da kuka ratsa, ka sa yara su duba kusurwarta ta gefen turba. A wasu za su ga zurfafan zane a jikin bulo ko ƙarfe; sawun igiya ne. Turbar nan da mutane ke yawo da karnuka a kai, ta dawaki ce. Doki ɗaya kan ja jirgi mai ɗauke da tan 25 ko fiye na kwal, abin da ba zai iya kwatantawa a kan hanyar ƙasa ba, kuma wannan ribar ce ta sa aka haƙa kanal ɗin gaba ɗaya. Na Bridgewater, wanda aka buɗe a 1761 don kai kwal Manchester, shi ya buɗe wa masu kuɗi ido. Na Oxford ya isa Banbury a 1778, ya isa Oxford a 1790. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya farashin dako, masu jirage da yawa suka kwaso iyalansu suka koma zama a ɗan ɗakin bayan jirgi, mata na tuƙi, yara na korar doki. Gwamnati ta karɓi kanal a 1948, matsanancin sanyin 1963 ya daskarar da ruwa na makonni ya kusa ƙarasa abin da ya rage na dako. Da ba don wasu mutane sun tsaya kai da fata ba, da yawancin hanyoyin nan an cike su. Ɗaya daga cikinsu shi ne L. T. C. Rolt, wanda ya fara wata doguwar tafiyarsa a 1939 daga tsohon wurin gyaran jirage na Tooley's a Banbury, wanda har yau yana nan za ku wuce ta gabansa. Shi da Robert Aickman suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa a 1946. Tun 2012 ƙungiyar Canal & River Trust ce ke kula da wajen mil 2,000 a Ingila da Wales.

Kwana ba matsala ba ne. Kusan ko'ina a gefen turba za ku iya kafa turakun ƙarfe ku ɗaure, kyauta, sai inda aka sa allo da wa'adi. Ban da bakin lok, bakin famfon ruwa, ƙarƙashin gada, kwana mai kaifi da wurin da aka faɗaɗa don juya jirgi. Jirgin haya ba ya tafiya da dare, kuma ba a kunna inji a inda aka ɗaure daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Ku riƙa ɗaurewa da la'asar, kafin wurare masu kyau su cika.

Abu guda kan iya ɓata wannan shiri, shi ne fari. Duk lok da aka zubar, wajen lita 100,000 ce ta gangara, jirgin da ya tsallaka tudu kuma ta gefe biyu yake zubarwa. Saman kanal ɗin Oxford da tafkuna irin su Boddington da Clattercote ya dogara, in damina ta yi ƙaranci akan taƙaita awannin buɗe lok na Claydon da Marston Doles, wani lokaci a kulle su. Shi ya sa in ka tarar da lok ba a shirye yake dominka ba, kuma ka hango jirgi na zuwa daga ɗaya gefen, ka jira shi ya fara shiga. Juya lok a gaban mai zuwa asarar ruwa ce, kuma shi ne abin da ya fi ɓata ran mutanen kanal. Ka riƙa duba sanarwar rufe hanya a shafin Canal & River Trust kafin biyan kuɗi da kuma ana saura mako. In Oxford ta ƙi, kanal ɗin Ashby na maƙwabtaka da ku, mil 22 babu lok ko ɗaya, ta Stoke Golding da Market Bosworth. Ya dace da dattawa, amma yara za su rasa aikin ƙofa. Akwai kuma na Llangollen a iyakar Wales, wanda ruwansa daga kogin Dee yake zuwa. In kun tashi daga wajajen Ellesmere lok 2 kacal ke gabanku, za ku kuma haye gadar ruwa ta Pontcysyllte wadda Thomas Telford da William Jessop suka gama a 1805, tsawonta mita 307, tsayinta mita 38 a saman kogi. Gefe ɗaya ba shinge sam, sai bakin ƙarfe da sarari, yara a ciki za su zauna har a haye. Aibinsa cunkoso a watan Agusta.

Salla ba za ta gagara ba. Alƙibla daga tsakiyar Ingila kudu maso gabas take, amma jikin jirgi ƙarfe ne, yana ruɗa kamfas har da na waya. Ka sauka ka yi ɗan nisa ka duba, ka riƙe wata bishiya ko shinge a matsayin alama. Tun da kanal ɗin lanƙwasa yake yi ba tsayawa, ya fi sauƙi ku ɗaure jirgi lokacin azahar, ku haɗa da cin abincin rana. Cikin jirgi ba ya ɗaukar sahu mai faɗi, mutum biyu ne a jere da ƙyar. In gari ya yi kyau ku shimfiɗa tabarma a ciyawa, gefe da turba, bayan kun duba wurin saboda karnuka. A Agusta rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 8 da 9. Banbury na da masallaci da mahautan halal, in kamfanin na ba da jirgi Litinin ko Talata za ku iya riskar Juma'a a can. Ƙauyukan kuwa mashaya ce cibiyarsu, sai ɗan kanti mai burodi, madara da ƙwai, a saman tudu ma babu ko wannan. Ku sayi nama a Coventry, Maman yara ta yi miya ta daskarar, a soya wani naman, a riƙe shinkafa da garin tuwo; firjin jirgi ƙarami ne, na kwana uku ya isa, ku sake sayayya a Banbury.

Ruwan alwala da wanka daga tanki ɗaya suke fitowa, mutum 7 kuma na shanye tanki da wuri, don haka ku cika shi kullum a famfunan bakin kanal da makullin da za a ba ku. Ruwan wanke-wanke kai tsaye cikin kanal yake zuba, kada a tuttular da mai a ciki. Na banɗaki kuwa tanki yake tarawa, mu kuma masu buta ne, zai cika da wuri fiye da lissafin kamfani. Ka nemi jirgi mai banɗaki biyu, ka tambayi inda ake zuƙe tanki a hanya. Sai gargaɗin da nake so ka isar wa Hajiya da kanka, cikin ladabi: kaskon turaren wuta da duk wani garwashi ba sa shiga jirgi, ko an yi sanyi. Ɗaki ne matsattse, hayaƙin gawayi marar wari kan kashe mutane a cikin barci. Akwai na'urar gargaɗi a bango, kada a cire mata batir, kada kuma a toshe ramukan shan iska. Jirgin na da abin ɗumama ɗaki, ku dai riƙe wa dattawa rigunan sanyi, domin asuba a kan ruwa da sanyi take ko a Agusta.

Wajen zaɓen jirgi, ka nemi mai faɗin fili da shinge a baya, inda mutum uku ko huɗu za su tsaya tare da mai tuƙi, da kujeru a gaba. Matakalar shiga daga baya tsaye take, in gwiwar Baba ko Hajiya na damunsu su riƙa bi ta ƙofar gaba, kuma kada su taka ƙasa sai an ɗaure igiya gaba da baya. In da hali ka je ka ga jirgin da idonka kafin ka biya. Ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da man dizal da inshorar ɓarna, da abin da za su yi maka in aka rufe hanya, domin Agusta ne lokacin da haya ta fi tsada. Ka kuma roƙe su ma'aikacinsu ya raka ku lok na farko, kai da maiɗakinka kowa ya gwada tuƙi da murɗa taga a gabansa, saboda ku riƙa karɓar juna. Ranar huɗu da safe, ko kun isa Banbury ko ba ku isa ba, ku nemi wurin juyawa na gaba a littafin taswirar da ke cikin jirgi ku juya, ku kuma shirya yadda daren ƙarshe zai same ku a ƙasan lok ɗin Napton, tafiyar da ba ta kai awa guda ba zuwa inda za ku mayar da jirgi in a wajajen Napton kuka karɓe shi. Allah Ya kai ku lafiya, a gaida su Baba.